Layin Farko a Fom ɗin Malama Talatu

Duk shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai na yi baƙi. Yaran unguwarmu ne, nan Unguwar Sarki, waɗanda suka nemi likitanci ko injiniyanci aka ba su ƙididdiga. Sukan shigo zaure fuska a murtuke kamar an yi musu rasuwa, iyayensu sun turo su wurina saboda an ce na yi karatun nan kuma har yau ban mutu da yunwa ba. Rabinsu tambayarsu ɗaya ce: in an gama, ina aikin yake? Sauran rabin kuwa sun riga sun yanke hukunci tun daga gida cewa abu ne mai sauƙi, ƙirge ne kawai, kuma yanzu ma kwamfuta ce ke yi. Na farkon ina tausaya musu, don ni ma ta wannan ƙofar na shiga. Na biyun su ne suka sa na zauna nake wannan rubutu.

Sunana Auwalu. Na yi shekara talatin da 'yan kai a wannan sana'a kafin gwiwoyina su ce sun gaji da yawon unguwanni. Ranar da na kai wa mahaifina takardar shiga jami'a, yana kan kekensa na ɗinki a shagonsa da ke Kawo. Bai ko tsayar da ƙafa ba ya ce, "To in an gama me ake zama?"

Na ce, "Ana zama mai ƙididdiga, Baba."

Ya ce, "Wato dai kai ma ba ka sani ba."

Gaskiyarsa ce. Na tafi Zariya ina zaton za a koya mini ƙirga mutane da shanu, sai na tarar da lissafi zalla, irin wanda allo zai cika babu lamba ko ɗaya sai haruffa. Shekara biyun farko su ne masu kora. A nan ake koyon lissafin yiwuwa, wato yadda ake auna abin da bai faru ba tukuna, da yadda mutum zai ɗebi kaɗan ya yi magana a kan mai yawa ba tare da ya yi ƙarya ba. Wanda ya shigo don an ce masa akwai sauƙi, a nan yake fara neman canjin kwas. Wanda ya daure kuma, zuwa shekara ta uku sai abin ya fara yi masa daɗi, ya riƙa ganin lissafi a layin mai, da layin asibiti, da yadda motoci ke cika a tasha.

Maganar aiki kuwa, bari in sallame ku tun yanzu, don na san ita ce ke damunku. Cikin waɗanda muka gama tare akwai wanda ya ƙare a banki, akwai na inshora, akwai wadda ta riƙe ɗakin ajiye bayanan marasa lafiya a asibiti har ta yi ritaya, akwai masu koyarwa, akwai na gonakin gwaji da na ma'aikatun gwamnati. Na bayanmu sun samu ƙofofin da mu ba mu samu ba, kamar kamfanonin waya da ƙungiyoyin lafiya, har da masu zama a ɗaki da kwamfuta suna yi wa mutanen wata ƙasa aiki. Akwai kuma waɗanda suka daɗe suna yawo da takarda, ba zan ɓoye muku ba. Digirin shi kaɗai ba ya sa a ɗauki kowa. Sai ka haɗa da sanin manhajojin aikin, da iya rubuta bayanin da mai gidanka zai karanta ya gane, da kuma wani abu na uku da ba a koyarwa a aji. Shi ne nake so in ba ku labarinsa.

Aikin farko da Malam Isiyaku ya ba ni, alli ya miƙo mini. Malam Isiyaku shi ne mai ƙaramin ofishin binciken da ya ɗauke ni bayan bautar ƙasa, ɗaki uku a saman wasu shaguna kusa da tashar Kawo. Dattijo ne siriri, ya koyi sana'ar tun ana lissafi da hannu, kuma ba ya yarda da lambar da bai san gidan da ta fito ba. Na zo da kwat da takalmi mai sheƙi ina jiran a nuna mini teburina, sai ya ce in bi lungunan bayan tasha in sa wa kowace ƙofa lamba, in zano masa taswira. Kwana huɗu ina wannan. Da na gama ya buɗe wani tsohon littafi wanda babu komai a cikinsa sai lambobi barkatai, ya rufe ido ya dangwala fensir, daga nan muka bi layi muka fitar da gidajen da za a yi wa tambayoyi. Irin tamu ƙuri'ar ke nan.

Ɗaya daga gidajen da ƙuri'ar ta faɗa wa yana tsallaken wata ƙatuwar kwata, babu gada sai wani katako mai rawa. Na dubi katakon, na dubi takalmina, sai na yi sallama a gidan da ke wannan gefen na cika fom ɗina da mai gidan. A raina na ce ai gida gida ne. Bayan kwana biyu Malam ya kira ni ya ce, "Auwalu, mai gida mai lamba goma sha bakwai, makanike ne ko mai shayi?" Ashe ya bi sawuna da kansa. Bai yi mini faɗa ba. Tambayata ya yi ko na taɓa ganin mai sayen hatsi ya duba na saman buhu kawai ya biya. Hannu yake zurawa har ƙasa, saboda na saman an gyara shi, kuma gidajen da ke da sauƙin isa su ne na saman buhu. Na koma na tsallaka katakon, kuma tun daga ranar na koma sa takalmin roba.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Allon katako mai ƙarfen danne takarda, fensir uku a fiƙe, abin goge shi, da leda babba saboda ruwan sama. Ba ma amfani da biro, don ɗigon ruwa ɗaya kan mayar da shekara bakwai ta koma tabo. A ofis akwai kalkuleta biyu da kwamfuta ɗaya tak, ana lulluɓe ta da zane in an tashi kamar amarya. Ku yanzu da waya za ku fita, tana ma faɗa wa ofis daidai inda kuka tsaya. Amma wayar ba ta san shekarun tsohuwar da ke gabanka ba, ita ma tsohuwar ba ta sani ba. In ka tambaya kai tsaye, kowa talatin ne ko arba'in ko hamsin, ka ce a garin nan ba a taɓa yin ɗan shekara talatin da bakwai ba. Sai ka zauna ka lallaɓa: lokacin da aka kawo wuta unguwar nan kin yi aure? Azumin da kika fara yi, da zafi ya zo ko da damina? Da haka ake kamo shekaru, a hankali.

Masu kawo mana aiki su ma makaranta ce. Da yawansu da amsar suke zuwa a aljihu, hatimi kawai suke nema. Na tuna wani mai gidan burodi da ya so a bincika masa ko mutanen Kawo na son burodinsa, ya ce kada mu wahalar da kanmu, mu tsaya a ƙofar shagonsa mu tambayi masu saye. Malam ya ce masa, "Alhaji, in haka ne ba sai mun je ba, zan iya rubuta maka sakamakon yanzu." Mutumin ya yi fushi ya tafi, bayan mako guda ya dawo ya ce a yi yadda ya kamata.

Aikin da ya kusa rufe mana ofis shi ne na Rigasa, a shekarata ta shida. Wata ƙungiyar lafiya ce ke son sanin yawan yara a wasu unguwanni na can, don ta tanadi gidan sauro da maganin zazzaɓi kafin damina ta yi nisa. Daga wurinsu fom ɗin ya zo da Turanci, ni na mayar da shi Hausa. Babbar tambayar ita ce uwa ta faɗi sunayen 'ya'yanta daga babba zuwa ƙarami, a rubuta kowanne a layinsa da shekarunsa. A shekarar ne Malam Isiyaku ya tafi aikin Hajji, ya bar mini ofis a hannu karo na farko. Kaina ya yi girma, ba zan musa ba.

Da yake namiji ba ya shiga gidajen mutane, mata takwas muka ɗauka. Bakwai 'yan mata ne da suka gama sakandare. Ta takwas ita ce Malama Talatu, mace mai kimanin shekara hamsin, tsohuwar malamar yaƙi da jahilci, wadda ke yi wa Malam aiki tun kafin in zo. Ku sani, masu shiga gida ba ma'aikatan dindindin ba ne. In aiki ya taso ake kiransu, kuma da suna ake kira. Wannan ofis ya tambayi wancan, wace ce mai amana, a ce wance. Da wannan sunan Malama Talatu ke riƙe da gidanta. Mafi munin abin da za a ce da mai wannan aiki shi ne tana cika fom a gindin bishiya, wato ba ta shiga ko'ina, zama take a inuwa tana ƙirƙiro mutane.

Kwana uku na yi ina horar da su, kuma magana ɗaya na riƙa nanatawa har suka haddace. Ku karanta tambaya yadda take, kada ku ƙara, kada ku rage, abin da aka faɗa muku kaɗai za ku rubuta. Ƙa'ida ce mai kyau, har yau ana koyar da ita. Aka fara aiki. Su shiga gidaje, ni in zauna a rumfar wani mai kayan miya ina karɓar fom ina sa hannu.

Bayan mako biyu na zuba komai a kwamfuta na jera sakamakon kowace ma'aikaciya daban. Bakwai sun tafi tare kamar an auna su da mudu ɗaya. Na Malama Talatu ya zama saniyar ware. Ita ce mafi ƙarancin gidaje a rana, amma matan da ta yi wa tambaya sun fi na kowa 'ya'ya. Na ɗauko takardunta na duba da kyau, sai na lura a da yawansu layin farko daga baya aka cika shi, don bakin fensirin ya bambanta da na sauran layukan. Na yi abin da littafi ya ce. Na tura 'yan mata biyu su koma wasu daga gidajen da ta shiga su sake tambaya. Suka dawo da sunaye iri ɗaya da nata, ban da na layin farko. Iyayen ba su ambace shi ba.

Na tara su duka a ofis. Na ɗaga fom ɗaya na ce, "Malama, wannan Sanusi da kika rubuta a layin farko, an koma gidan, uwar ta lissafa 'ya'yanta babu shi. Ga wasu kuma irinsa."

Ta ce, "Malam Auwalu, ai akwai wanda ba a faɗa."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Abin da ba a faɗa ba ba ya shiga fom. In ba a faɗa miki ba, a ina kika samo shi? A gindin bishiya?"

Ta dube ni, sannan ta ajiye allonta a kan tebur, ta jera fensira ukun a gefensa, ta ninke ledar ta ɗora. Ta ce, "Shi ke nan. In Malam ya dawo a ce ina yi masa barka da zuwa." Ta gyara mayafinta ta sauka.

Na cire takardunta gaba ɗaya, na sa aka sake yankinta, na miƙa rahoto a kan lokaci. Har na sa layi guda a ciki cewa an kama ma'aikaciya ɗaya da ƙirƙira an sallame ta, don a san muna sa ido. Magana kuwa ta zagaya. Wani ofis da ya riga ya yi mata alkawarin aiki ya aiko ya ce ya fasa.

Malam ya dawo, ya yi kwanakinsa na karɓar 'yan barka, sannan ya shigo ofis. Na miƙa masa rahoton ina jiran yabo. Ya ajiye shi gefe bai buɗe ba, ya ce a kawo masa takardun asali, har da waɗanda na cire. Wuni guda ya yi da fensir da farar takarda. Da la'asar ya kira ni. Ya ja layi biyu, ɗaya shekarun da mace ta yi da aure, ɗaya shekarun babban ɗanta da aka rubuta.

Ya ce, "Auwalu, zo ka ga abin mamaki. Matan Rigasa da yawansu in sun yi aure sai su yi shekara uku ko huɗu shiru, sannan su fara haihuwa. Amma in Talatu ce ta shiga gidan, shekara na zagayowa sun haihu. Ko ungozoma ce ban sani ba?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai an koma an tabbatar. Ya ce, "Da wace tambaya aka koma?" Na ce da wadda ke cikin fom. Ya gyaɗa kai, ya zaro fom sabo ya miƙo mini. "Ka je gida ka cika wa Innarka. Ka karanta yadda take, kada ka ƙara, kada ka rage."

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Mu shida ta haifa, duk muna raye. Na gaishe ta, na zauna a kan turmi na ce aikin ofis ne, za a yi gwaji. Ta ce, "Me kuma aka ƙirƙiro?" Na karanta mata tambayar kamar yadda na koya wa 'yan matan.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Hadiza. Nasiru. Rabi. Kabiru. Sai auta, Bilkisu."

Fom ɗin ya ce a tambaya ko da saura. Na tambaya.

Ta ce, "Ai ka ji su."

Na zauna da fensir a hannu ina kallon layi biyar, ni kuma na shida ina gabanta, ƙafata na taɓa farantin wakenta. Ni ne ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena su kira yayansu, in mu biyu ne ta ce kai. Alkunyar ɗan fari ce, na san ta kamar yadda na san hanyar gidanmu, kuma ba ta taɓa damuna ba. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne tana da hanyar shiga kwamfuta. Ba kowace uwa ke yi ba, yanzu ma abin ya ragu, amma a lungunan Rigasa na wancan lokaci, inda mata da yawa daga ƙauye aka kawo su, masu yi ba kaɗan ba ne. 'Yan matan nan bakwai wasunsu sun lura, daga baya suka faɗa mini, amma na hana su ƙarawa, suka bi umarni. Mutum ɗaya ce ta ƙi bin umarnina don ta rubuta gaskiya, ita na kora. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Abin da ya biyo baya a ofis zan taƙaita shi. Ni da Malam muka je muka faɗa wa masu aikin cewa rahoton da ke hannunsu ya bar yara a waje, kada su yi tanadi da shi. Ba su ji daɗi ba, kuma suna da gaskiya. Muka sake aikin daga farko a tsakiyar damina, cikin taɓon Rigasa, daga aljihun ofis. Sun daɗe ba su ƙara waiwayarmu ba, ma'aikata biyu suka bar mu, ɗaki ukun nan ya koma biyu. Malam bai taɓa goranta mini ba. Abin da kawai ya ce shi ne shi ma da laifinsa, da ya bar ni shekara shida ina sa hannu bai aike ni wurin Inna ba.

Amma kafin duk wannan, washegarin ranar da na cika fom ɗin Inna, na nemi gidan Malama Talatu a cikin Kawo. Ta fito zaure da hular da take ɗinkawa a hannu, don abin da ta koma yi ke nan. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Na faɗa mata komai, na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta dawo.

Ta ce, "Na yafe maka tun ina sauka daga benen nan. Amma sunana da ka ɓata, yafewata ba za ta gyara shi ba." Ta soke allurar a jikin hular. "Malam Auwalu, ka taɓa ganin yadda ake cika fom a cikin gida?"

Na ce ban taɓa ba.

"To gida ɗaya ne a garin nan za ka iya shiga ka tsaya ka gani. Kai ni can. In ka gani da idonka, sai ka san abin da za ka faɗa wa mutanen da ka tara."

Muka hau mota zuwa Unguwar Sarki. Na tsaya a bakin ƙofar kicin na yi kamar ba na nan. Malama Talatu ta cire takalmi, ta zauna a tabarma kusa da Inna, ta ajiye allon a gefe ba ta ko dube shi ba. Suka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi ciwon ƙafa, ta ja farantin ta taya ta gyaran kayan miya. Nan na gane dalilin da ya sa gidajenta na rana ba su da yawa. Sai can ta ɗauki fensir ta karanta tambayar yadda take, ba ta canza ko kalma ba. Inna ta jero sunaye biyar ɗin nan. Na ga Malama ta fara rubutu daga layi na biyu, ta bar na farko fari.

Ta ajiye fensirin ta ce, "Inna, wankan fari a gida kika yi, ko nan aka bar ki?"

Inna ta yi murmushi ta ce, "Wa zai bar ki a lokacinmu? Gida aka mayar da ni tun ciki na wata bakwai."

"Da sanyi ne ko da zafi?"

"Da damina. Cikin azumi ne, saura kwana uku sallah, ranar Laraba da hantsi. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, har itacen dafa ruwan wankan ya jiƙe, sai a maƙwabta aka samo. Ga shi ɗan ƙarami, kowa na cewa ba zai yi ba. Kwana arba'in ban yarda kowa ya kwana da shi ba, ana ta yi mini tsiya wai ba ni da kunya."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na ƙannena kuwa da aka tambaye ta, sai da aka yi ta lalube kafin a samo watan.

Malama Talatu ta ce, "Allah sarki. Yana raye?"

Inna ta ci gaba da yankan kuɓewarta, ba ta dubi inda nake ba. Ta ce, "Yana nan. Ya girma, har ya zama mai ƙirga mutane."

Malama ba ta nemi suna a bakinta ba. Ta juya wurin ƙanwata Bilkisu da ke wanke-wanke ta ce, "'Yan mata, ya sunan babban yayanku?" Bilkisu ta faɗa tana dariya. Malama ta fiƙe fensirinta, ta cika layin farko, ta yi wa Inna godiya da sallama.

A zaure ta miƙo mini takardar. Ta ce, "Ga shi, Malam Auwalu. Duba mini da kyau, ko shi ma wannan a gindin bishiya na samo shi."

Na ɗora takardar a bango na sa hannu a wurin mai dubawa.

Ranar Litinin na tara 'yan matan nan bakwai a ɗakin da na tara su da farko, na tsaya a inda na tsaya, na ce ni na yi kuskure, Malama Talatu ce kaɗai ta kawo ƙirge na gaskiya. Na rubuta wa ofishin nan da ya fasa ba ta aiki takarda na kai da ƙafata, na kuma sa aka cire layin nan daga rahoto. Ita ta jagoranci aikin da muka sake, kuma daga nan har idonta ya raunana, ba mu ƙara fitar da sababbin ma'aikata ba sai sun yi kwana biyu a hannunta.

Fom biyun nan suna cikin durowata har yau, nawa da nata, mace ɗaya, tambaya ɗaya, kwana ɗaya tsakaninsu. Duk yaron da ya zo ya ce mini ƙididdiga ƙirge ce kawai, ba na musu da shi. Nakan ciro su in shimfiɗa masa a tabarma, in ce ya faɗa mini 'ya'yan matar nan nawa ne.